Barmo da Maƙoshin Dutsen Gilma

Tun zamanin da daji ya fi gari yawa, giwa tana kiwo inda yanzu ake cin kasuwa, wasu mutane sun zauna a gindin wani dogon dutse da ake kira Gilma. An sa masa wannan suna ne don ya gilma a ƙasar daga gabas zuwa yamma kamar ganuwa, goshinsa a miƙe, ga santsi kamar bayan tulu. Ba a taɓa jin wanda ya hau shi ba in ban da birai da ungulaye. Ƙauyen da ke kudu da shi, shi ne Bakin Gilma.

Mai garin a lokacin sunansa Nomau, mutum mai sanyin magana, ba ya yanke shawara sai ya juya ta. Yana da ƙane maharbi, Barmo. Tsakanin su biyu uwarsu Tabawa ta binne 'ya'ya da dama, saboda haka da ta haifi na ƙarshen ta roƙi Allah ya bar mata wannan, sunan kuwa ya bi shi. Barmo ya tashi gajere mai faɗin kafaɗa, ba ya son hayaniya. In ya dawo daga daji maharba sukan tarye shi da kirari: "Barmo na Tabawa, mai bin sawu a kan fa. Ƙafarka ba ta tada ganye, kibiyarka ba ta kwana a dawa."

A gindin dutsen, gabas da ƙauyen, akwai wani kogo wanda bakinsa ya fi rimi tsawo. Da damina rafi ke fitowa daga cikinsa da ƙarfi, ya ratsa gonaki ya nufi kudu. Da rani rafin ya ƙafe, sai wata iska mai sanyi ta riƙa fitowa daga bakin kogon ba ƙaƙƙautawa. Mutane suka ce dutsen ne ke numfashi, da damina kuma yana riƙe numfashinsa. Ba mai wuce inda hasken rana ya tsaya. Mata sukan ɗebi kashin jemage a bakin don taki, su watsa ɗan gero a kan fa, su juya da sauri ba waiwaye.

Ƙasar Bakin Gilma ba ta da zurfi, kana haƙa kaɗan ka tarar da dutse. An noma ta shekara da shekaru har ta gaji, gero ya koma fitar da zangarniya kamar yatsa. Rijiyoyi suka soma ƙafewa tun kafin rani ya raba. Wata shekara da bazara Nomau ya tara magidanta a gindin tsamiya ya ce, "Bana ce daminarmu ta ƙarshe a nan. In mun yi girbi mu ɗaure kaya mu bi rafi kudu, har inda Allah ya nuna mana ƙasa."

Ba wanda ya musa, don kowa ya ga abin da ya gani. Amma kowa ya san irin wannan tafiya, ba ta kai tsofaffi da jarirai inda za a je. Tabawa kuwa ƙafafunta sun riga sun daina ɗaukarta, ko tsakar gida sai an riƙe ta. Barmo ya tashi ya koma gida.

Ba a jima ba ya harbi wata gada a kusa da dutsen. Da ya feɗe ta sai ya tarar da tumbinta cike da ɗanyar ciyawa shar, alhali a duk faɗin ƙasar ba tsinke ɗaya mai kore. Ya duba kofatanta, ya ga baƙar laka mai danshi. Ya bar naman a rataye, ya bi sawunta da baya, kan yashi, kan tsakuwa, kan fa, har sawun ya kai shi bakin kogo, ya shige cikin duhu.

Ya je ya sami wansa ya durƙusa. Ya ce, "Yaya, gadar nan ba a gefenmu ta yi kiwo ba. Iskar da ke fitowa daga kogon nan kuma, akwai inda take shiga. Ina zaton dutsen nan yana da baya."

Nomau ya ce, "Ka dubi gabas kuwa? Hadari ya soma leƙowa da la'asar. In ruwa ya same ka a ciki fa?"

"Leƙawa kawai zan yi in dawo."

"Ban hana ka ba, Barmo, ban kuma aike ka ba."

Matar Barmo, Hakama, ita ce ke kaɗa masa zaren da yake ɗaure kan kibau, tana rina shi da baba har ya yi baƙi-baƙi. Ba ta yi masa gardama ba. Ta cika masa ƙaramar fitilar ƙasa da man kaɗe, ta ƙara masa wani curi a ganye, ta murza lagwani da yawa. Ta kawo burgami ta ce, "Maigida, ban sami dakawa ba. Ga tsabar gero, in yunwa ta taso ka jiƙa ka tauna." Tabawa ta dafa kansa ta ce, "Ka gaida masu wurin kafin ka taka. Baƙo ne kai."

Da hantsi ya shiga. Zauren farko na jemagu ne, suna rataye a sama kamar baƙin tufafi da aka shanya, ƙasa kuwa laushi da wari. Ya ƙyasta wuta ya kunna fitila, ya wuce iyakar hasken rana, inda ba ɗan Adam da ya taɓa wucewa. Hanya ta gangara, ta karkata, sai ta buɗe cikin wani ɗaki wanda Barmo ya ce har ya mutu bai sake ganin irinsa ba. Da za a kwashe Bakin Gilma da rumbunanta da tsamiyarta a zuba a ciki, da sauran fili. Can sama akwai wata huda da rana ke zubowa ta ciki, hasken ya sauko a miƙe kamar farin ginshiƙi, tsattsewa suna kewaya shi. Duwatsu masu tsini sun rataya daga rufin kamar hantsar saniya, ruwa na ɗiga daga bakinsu, wasu kuma sun taso daga ƙasa sun tarye su. Ya tsaya ya yi gaisuwa kamar yadda uwarsa ta ce. Muryarsa ta tafi, ta daɗe, ta dawo masa.

Sawun gadar ya bi busasshiyar kwanciyar rafi har ƙarshen ɗakin. A nan bango ya sauko, ya bar wata ƙofa mai faɗi amma gajeriya, daga cikinta iskar nan ke busowa har harshen fitila yana kwanciya. Wannan ita ce hanyar da daga baya aka sa wa suna Maƙoshi. Barmo ya ɗaga fitila ya dubi rufinta, ya ga ƙirare da busasshen ganye sun maƙale a tsagar dutse sama da kansa. Nan ya gane cewa da damina ruwa yana cika wurin har rufi, shi ya sa iskar ke ɗaukewa. Ya gane kuma cewa ganye ba ya tsirowa a cikin duhu, daga wani wuri ruwa ya kwaso shi. Ya sunkuya ya shiga.

Tafiyar Maƙoshi doguwa ce. Wani wuri yashi ne mai laushi, wani wuri ruwa ne a kwance, daga idon sawu ya kai gwiwa, daga gwiwa ya kai ƙugu, ga sanyi mai shiga ƙashi. Cikin ruwan akwai ƙananan kifaye farare fat, ba su da ido, ba sa gudun mutum. Sawun gadar ya ɓace a ruwa. Can gaba hanya ta rabu biyu, iska kuma tana fitowa ta kowace. A tsakanin hanyoyin, kan wani tudun yashi, wani kada yana kwance, fari kamar alli, tsawonsa ya kai kwalekwale.

Barmo ya tsaya. Ya sauke bakansa a hankali, ya kwance tsirkiyar, ya naɗe ta a hannu. Ya ce, "Kaka, ba farauta ce ta kawo ni ba. Mutanena ƙasa ta gaji da su. Hanya nake nema."

Kadan bai motsa ba har mai ya ragu a fitila. Sa'an nan ya ja jiki, ya sulale cikin ruwa, ya bi hanyar hagu sannu a hankali, farin bayansa yana bayyana a saman ruwa. Barmo ya ɗora kayansa a ka ya bi shi. Daga baya an gano cewa ta dama rami ne da ba a san ƙarshensa ba.

Rufi ya yi ta saukowa har ya koma rarrafe, fitila a gaba, yana tura ta. Bai san tsawon lokacin da ya yi haka ba. Abin da ya fara isa gare shi ƙamshi ne, ƙamshin ɗanyar ciyawa da furen ɗorawa. Sai duhu ya soma yin toka-toka. Ya kutsa ta tsakanin saiwoyi ya fito, ya rufe ido saboda haske.

Da ya buɗe ido sai ya ga fili mai faɗi, dutse ya kewaye shi ta kowane gefe kamar ƙwarya. A tsakiya akwai tafki, idanun ruwa suna tsattsafowa daga gindin fa suna malala cikinsa. Ƙasa baƙa ce, ya nutsa hannu har gwiwar hannu bai taɓa dutse ba. Ga kaɗanya, ga ɗinya, ga kanya, ga manyan gawo a bakin tafki. Gadaje suna kiwo, suka ɗaga kai suka dube shi, suka ci gaba da kiwonsu. Barmo ya zauna a ƙasa, hawaye ya zubo masa, shi da ba a taɓa ganin kukansa ba.

Da ya juya a lokacin, da ya kwana a gida. Amma ya so ya kai wa wansa magana cikakkiya, ko filin zai ɗauki mutanensu duka, ko akwai zaki, ko akwai wata ƙofa. Sai ya kama kewaya shi ta gindin dutse. Ya lura gawo yana ta zubar da ganye, alamar damina ta ƙarato, amma bai kawo komai a ransa ba. Yana can ƙarshen arewa hadari ya taso. Aka tsuge da ruwa irin wanda ba a fara damina da shi, dutsen ya riƙa zubo da shi ta ko'ina, tafki ya tumbatsa, ruwan duka ya haɗu ya nufi wuri guda. Barmo ya yi gudu har ƙirjinsa kamar zai tsage. Da ya iso, ƙofar da ya fito ta ciki babu ita. Jan ruwa ne kawai ke juyawa a wurin, yana shigewa ƙarƙashin dutse.

Ya jira ruwan ya lafa, bai lafa ba, don kafin wani ya janye wani ya sauko. Ya cika ƙirji da iska ya nutsa, ya bi rufin da hannu yana neman wurin numfashi, bai samu ba, da ƙyar ya komo. Ya gwada hawan dutsen a wurare da yawa, ko'ina sai ya kai inda goshin ya rusuno kansa, ga gansakuka mai santsi. A gwaji na ƙarshe ya zamo ya gurɗe ƙafa. Ya kwanta a gindin ɗinya yana jinya, yana tunani. Ya samo ƙasar da za ta ceci mutanensa, amma ba bakin da zai faɗa musu. Za su ɗauka ya mutu. Za su yi girbi su ɗaure kaya, Maƙoshi kuwa ba zai buɗe ba sai sun daɗe da tafiya.

Yana kwance sai hannunsa ya kai kan burgami. Ya zuba tsabar geron a tafin hannu ya daɗe yana kallonta. Ya mayar, bai ci ko ƙwaya ba. Da ƙafar ta yi sauƙi ya fiƙe sanda, ya sheme wani wuri kusa da tafki, ya shuka ta duka.

Haka maharbi ya koma manomi. Ya kafa bukka, yana cin zabi da kifi da zuma. Ba ya harbin gada, don ya ce ita ce ta nuna masa hanya. Da safe ya yi noma da wata ƙotar da ya sassaƙa, da rana ya kori tsuntsaye, da yamma ya je bakin Maƙoshi ya duba inda ruwa ya tsaya. Wani lokaci yakan yi magana shi kaɗai don kada harshensa ya manta. Geron ya tashi ya wuce kansa, ya wuce iyakar hannunsa, ya fitar da zangarniya mai tsawon kamu da kaurin damtse. Ko a bakin tsofaffi bai taɓa jin irinta ba.

Ran da ya yanki ta farko, yana tsaye da ita a bakin ruwa, sai ya ga wani ganye ya bi juyin ruwan ya shige ƙarƙashin dutse. Ya tuna ƙiraren da ya gani a rufin Maƙoshi. Abin da ruwan nan ya ɗauka, Bakin Gilma yake kai shi.

Akwai duman daji a filin, busassun gorunansa na bara suna rataye a rassa. Ya tsinko su, ya huda, ya kwashe cikinsu. Ya karya zangarniya ya cusa a ɗaya, ya sa kan kibiyarsa da zarenta, ya toshe bakin da kakin zuma, ya saka a ruwa. Goran ya yi ta yawo a sama yana bugun dutse, ya ƙi shiga. Ya ciro shi ya zuba tsakuwa, sai ya nutse ya zauna a ƙasa. Ya yi ta ragewa yana ƙarawa, har ya sami nauyin da gora ba ya tasowa ba ya kuma zama, yana tafiya a tsakiyar ruwa kamar kifi. Ya sake shi, ya ga ya shige. Daga ranar kullum sai ya saki gora, har kibansa suka ƙare, ya koma sa zaren kaɗai. Bai san ko ɗaya ya fita ba.

Abin da ya faru a wancan gefe, Hakama ce ta ba shi labari daga baya. An yi masa makoki tun farkon damina. Amfanin gona ya zo kaɗan kamar kullum, aka soma ɗaure kaya. Wata safiya tana wanke tukwane a rafi, kusa da bakin kogo, wani abu ya bugi ƙafarta a ƙarƙashin ruwa. Ta ciro, ta ga gora a toshe da kaki. Ta fasa shi a kan fa. Ta ɗauki kan kibiyar, ta warware zaren, ta ja shi tsakanin yatsunta. Murzar hannunta ce. Ta ɗauki guntun zangarniyar, ta latsa ƙwaya ɗaya da farce, sai ruwan gero ya fito. Geron bana ne.

Ta kai wa Nomau a gaban magidanta, ta durƙusa ta ajiye. Ta ce, "Yaya, ƙaninka yana da rai. Tsabar da na ba shi ce ya shuka. Ga abin da ƙasar can ta yi da ita."

Zangarniyar ta bi hannu hannu. Nomau ya riƙe ta ya daɗe. Ya ce, "Na gode wa Allah da ƙanena yake numfashi. Amma, Hakama, hanyar da ta riƙe gwani irin Barmo damina guda, ita zan tura mata da yara ciki? In muka jira ta buɗe, rijiyoyin hanyar kudu sun ƙafe. In ba ta ɗauke mu ba, mun rasa can mun rasa nan. Ni jama'a aka ba ni."

Ba a yi rigima ba. Nomau ya ce duk mai son jira ya jira, ya raba hatsi daidai. Mafi yawa suka bi shi. Gidaje kaɗan suka zauna, galibi masu tsofaffi. Ran tafiya ya shiga ɗakin uwarsa ya daɗe, ya fito idonsa ja. Ya ce wa Hakama, "In ya fito, ki ce masa ban tafi da fushi ba. Ki ce masa rafin nan za mu bi, ba za mu rabu da shi ba."

Rani ya shigo, rafi ya tsaya, rijiyar ƙauye ta koma laka. Sai Hakama ta kunna fitila ta ɗauki tulu ta ce, "Inda gora ya fito akwai ruwa." Ta wuce zauren jemagu, mata biyu suna bin ta. Suka ratsa babban ɗakin, suka tarar da ruwa kwance a bakin Maƙoshi, garai-garai, da goruna da yawa da suka maƙale a gefe. Da wannan ruwa waɗanda suka zauna suka rayu. Kullum in ta je ɗiba takan ajiye fitilar a kan wani dutse daf da ruwan, ta zauna kaɗan kafin ta koma.

Shi kuwa Barmo ya girbe geronsa ya ɗaure, ya yi rumbu. Gawo ya sake fitar da ganye, ruwa ya riƙa ja da baya. Wata rana ya ga tsaga ta bayyana tsakanin ruwa da rufi, bai fi faɗin tafin hannu ba, ya ji iska tana shiga ta wurin tana kaɗa gashin hannunsa. Ya san ya kamata ya ƙara jira, amma ya kasa. Mansa ya daɗe da ƙarewa, saboda haka ya shiga ba fitila. Ya kwanta rigingine a ruwa, hancinsa yana gogar dutse, yana jan jiki da yatsu. Inda rufin ya ɗaga ya tsaya ya huta, inda ya sauko ya sake kwanciya. A mararrabar nan wani abu mai kaushi ya goge shi a cinya ya wuce, Barmo ya bi inda abin ya nufa. Sanyi ya kashe masa ƙafafu. Can sai ya ga wani ɗan ja-ja yana rawa a kan ruwa.

Hakama tana zaune ta ga harshen fitilarta ya kwanta, abin da bai taɓa yi ba tun da ta fara zuwa. Ta ji iska a fuskarta. Ta miƙe, ta ɗaga fitilar, ta shiga ruwan har ƙugu. Ba ta kira sunansa ba, don ba ta taɓa kira ba. Ta dai tsaya da hasken har wani kai mai tarin gashi ya ɓullo daga ƙarƙashin dutse.

Da ya sami numfashi ya ce, "An tafi?"

Ta ce, "Wasu sun tafi. Inna tana nan."

Ta faɗa masa saƙon wansa tun suna cikin ruwan. Ya wanke fuskarsa, suka fito.

Aka jira har tsakiyar rani, Maƙoshi ya buɗe sosai, sannan aka ƙaura. Aka jera fitilu a kan duwatsu, maza suka ɗauki awaki a kafaɗa, mata suka ɗora tukwane da iri a ka. Jakuna ba su iya shiga ba, aka sake su. Farin kada yana kan tudunsa, kowa ya zo wucewa sai ya gaishe shi, shi kuwa ko ido bai ɗaga ba. Barmo ya goya uwarsa da majanyi kamar jaririya. Da suka zo inda rufi ya sauko ta ce masa, "Ka bi a hankali. Ni da na goya ka ban taɓa buga kanka da dutse ba." Dariyar mutane ta cika kogon, ita ce dariya ta farko da aka yi a cikinsa. Tabawa ta ga damina da yawa a sabon wuri kafin ta rasu, kabarinta yana gindin ɗinyar da ɗanta ya yi jinya.

Da aka zauna Barmo ya bi rafi kudu neman wansa. Ya tarar da wuraren da suka yada zango, toka da fasassun tukwane, har rafin ya shiga wani babban kogi, sawu ya ɓace. Ya sake komawa a wata shekarar, bai ji ɗuriyarsu ba. Mai bin sawu a kan fa, wannan sawu ɗaya ya gagare shi. Ya ƙi karɓar sarautar garin, ya ce kujerar yayansa ce, riƙo kawai yake yi. Har yau mai mulkin garin ba a kiransa sarki, Mariƙi ake ce masa.

Garin shi ne Ƙwaryar Barmo. Jikokinsa sun fasa hanya ta arewa, suna gasa dutse da wuta suna kwara masa ruwa har ya tsage, yanzu da ita ake shiga da kaya, amma Maƙoshi yana nan, yana rufewa yana buɗewa kamar da. Mutanen garin ba sa cin gada, ba sa kashe kada, in gawo ya fara zubar da ganye kuma ba mai shiga kogo ko da me ya manta a ciki.

Kowace kaka, kafin kowa ya ɗanɗani sabon gero, kowane gida yakan cusa zangarniya a gora, ya auna tsakuwa, ya toshe da kaki, a saka a bakin Maƙoshi. Mata sukan zagaya ta hanyar arewa tun da wuri, su je kufan Bakin Gilma su tsaya a cikin rafi, zannuwa a ɗaure, suna lalube da ƙafa. Wadda ta kama gora, hatsin cikinsa nata ne na iri. Amma na farko da ya fito ba a taɓa shi. In ya bugi ƙafar mace sai ta ɗaga ƙafar ta ba shi hanya, sauran su ma su matsa, ya wuce ta tsakaninsu ya bi rafi kudu. In baƙo ya tambayi dalili, sukan ce na mutanen Nomau ne, don in suna bakin ruwa su san an yi girbi, kuma har yanzu akwai wuri.